Ba daɗewa a zauren magoya baya ke kawo hankali ba

Assalamu alaikum, Edita.

Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai albarka mu yi magana a kan wani abu da ake yawan yanke wa hukunci daga nesa, wato zaurukan magoya baya na intanet: na ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa, na mawaƙa, na finafinai masu dogon zango, na wasannin kwamfuta da na littattafai. Masu magana a kansu sun kasu biyu. Wasu na cewa ɓata lokaci ne zalla, matattarar zage-zage da rashin kunya. Wasu kuma na cewa a ƙyale yara, ƙuruciya ce, in shekaru sun ja za su nutsu da kansu. Mu da muka san yadda waɗannan zauruka ke gudana daga ciki ba mu gamsu da ko ɗaya ba. Akwai wanda zai shiga yana ɗan shekara 15, kafin ya kai 22 ya iya rubutu, ya iya raba faɗa, ana ba shi ajiyar kuɗin jama'a ana barci. Akwai kuma wanda zai shekara 10 a zaure ɗaya, bakinsa na ranar farko shi ne bakinsa na yau. Abin da ya raba su ba yawan shekaru ba ne. Na farkon an ba shi aiki, an gyara masa ya haɗiye, daga baya aka ɗora masa nauyin wasu. Na biyun surutu kawai ya yi ta yi.

Sabon shiga yakan fara da shiru. Yana karantawa, yana lura da wanda ake jin maganarsa, da irin ba'ar da ke samun dariya, da maganar da ke jawo wa mutum tsiya. Tun 2006 Jakob Nielsen, masani kan yadda mutane ke amfani da shafukan intanet, ya bayyana cewa a yawancin irin waɗannan wurare kusan kashi 90 cikin 100 'yan kallo ne, kashi 9 kan tofa albarkacin bakinsu jefi-jefi, kashi 1 kacal ke yin mafi yawan magana. Ranar da sabon shiga ya buɗe baki, karɓuwa yake nema, kuma hanya mafi sauƙi ta samunta ita ce ya fi kowa zaƙewa. Shi ya sa masu zafin kai a zaure sau da yawa ba tsofaffin hannu ba ne, 'yan jiya-jiya ne. A wannan mataki mutum bai raba kansa da gwaninsa ba; in aka ce ɗan wasan bai taɓuka komai ba a wasan jiya, ji yake mutuncinsa aka taɓa. Donald Horton da Richard Wohl sun yi bayanin irin wannan shaƙuwa ta ɓangare ɗaya tun 1956, zamanin rediyo da talabijin: kai ka san ranar haihuwarsa da launin da ya fi so, shi kuwa bai san da zamanka a duniya ba. Ba ciwo ba ne, zango ne, sai dai ba kowa ke wuce shi ba.

Abin da ya fi fitar da mutum daga wannan zango shi ne aiki. Mu ɗauki masu fassara finafinan ƙasashen waje kyauta saboda 'yan'uwansu masoya, irin fassarar da ke fitowa a rubuce a ƙasan allo. Daga waje sai a ɗauka aikin mutum ɗaya ne. A zahiri sahu ne. Mai fassara zai fara, ya miƙa wa mai saita lokaci, wanda zai daidaita kowane layi da daƙiƙar da aka buɗe baki da wadda aka rufe, galibi da manhaja irin Aegisub. Daga nan mai tace harshe ya karɓa, sai mai tsara rubutun alluna da wasiƙun da suka bayyana cikin fim ɗin, sai mai dubawa na ƙarshe wanda zai kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe yana farautar kuskure, sannan mai haɗa rubutu da hoto ya fitar. Kuma akwai ƙa'ida. Wadda Netflix ke bai wa masu yi mata fassara, wadda masu sa kai da yawa ke kwaikwaya, ita ce kada rubutu ya wuce layi biyu, kada layi ya wuce harafi 42, kada ya zauna a allo fiye da daƙiƙa 7. Yaron da ya saba zuba magana yadda ya ga dama, a nan zai gano cewa jimlar da ya ƙawata ba za ta shiga ba, dole ya yanke ta ba tare da ya yanke ma'ana ba. Abin da ya fi lalata irin wannan aiki shi ne mutum ɗaya ya yi nawa. In mai fassara ya makara da kwana biyu, mutum biyar ne a bayansa suke zaune, masu jira kuma suna ta tambaya. Sau ɗaya ko biyu za a ɗaga masa ƙafa, a na uku a nemi wani. Babu malamin da ya tsaya masa da bulala, amma ya koyi cewa in ba zai iya cika alkawari ba, tun da wuri ake faɗa, ba ranar da ake jira ba.

Haka abin yake ga masu rubuta ƙagaggun labarai a kan taurarin wani fim ko littafin da suke so. Dandalin FanFiction.net tun 1998 yake, Wattpad kuma tun 2006, kuma akwai marubuta da dama da a irin waɗannan wurare suka fara riƙe alƙalami. Al'adar da ta kafu a can ita ce kafin ka saki babi, ka ba wani ya karanta maka shi, ya nuna maka inda labari ya yi rami, inda tauraro ya yi abin da bai dace da halinsa ba, inda ka maimaita kalma ɗaya sau biyar a sakin layi guda. Cecilia Aragon da Katie Davis na Jami'ar Washington da ke Amurka sun yi nazarin rubuce-rubucen FanFiction.net masu ɗimbin yawa tare da ɗalibansu. Abin da suka gano shi ne matasan marubutan ba malami ɗaya ke koya musu ba, ƙananan tsokaci ne daga mutane barkatai ke taruwa su zama tarbiyya, kuma yayin da tsokacin ke ƙaruwa, kalmomin da marubuci ke amfani da su na ƙara yalwa. Gyaran farko yana da ciwo, kamar ɗan koyon ɗinki da aka warware masa rigar da ya kwana yana ɗinkawa. Da yawa daga nan suke guduwa. Wanda ya dawo da babi na biyu ya gyara, ya tsallake wani abu da manya da yawa ba su tsallake ba har yau.

Sai dai gyaran ma yana da hanya, kuma zauren da bai san ta ba korar yara yake yi. A fara da faɗin abu ɗaya takamaimai da ya yi kyau, ba "ya yi daɗi" kawai ba. A ɗauko manyan matsaloli biyu ko uku, kada a zazzage masa ashirin a rana ɗaya. A nuna layin da ake magana a kai, a faɗi dalili. A yi magana a kan aikin, a bar mai aikin. In gyaran mai nauyi ne, a tura masa shi kaɗai. Wanda ya sha irin wannan gyara na shekara biyu ko uku, shi ma haka zai riƙa yi wa na bayansa, a zaure da wajen zaure.

Masoya ƙwallo kuwa darasinsu na farko yakan zo ne lokacin cinikin 'yan wasa. Sabon shiga duk abin da ya gani turawa yake yi: an sayi wane, an kori koci, wane ya sauka a filin jirgi. In ya sha kunya sau uku, sai ya fara tambayar wa ya faɗa. Zaurukan manyan ƙungiyoyi da yawa a dandalin tattaunawa na Reddit suna da jadawalin 'yan jarida hawa-hawa, daga waɗanda labarinsu kan tabbata kusan kullum zuwa waɗanda ba a ɗaukar maganarsu sai don dariya, kuma ana sabunta shi gwargwadon wanda ya faɗi daidai da wanda ya yi shaci-faɗi. Masu rubuta kundin bayanai na masoya a dandalin Fandom, wanda aka kafa a 2004, su ma da yawansu ba sa barin ka shigar da bayani sai ka faɗi babi ko fitowar da ka samo shi. Mutumin da ya saba da tambayar "ina madogara?" a kan cinikin ɗan wasa, da wuya ya tura wa danginsa labarin ƙarya a kan magani ko zaɓe bai duba ba. A ganinmu wannan na cikin manyan ribar da ake samu, kuma ba a cika lissafa shi ba.

Sai faɗa. Babu wanda zai daɗe a zaure bai ga babban rikici ba, kuma yadda yake tashi kusan iri ɗaya ne ko'ina. Wani zai faɗi magana, wani ya ɗauki hotonta ya yanke abin da ya gabace ta da abin da ya biyo baya, ya kai ta inda ba a san mai maganar ba. Kafin awa ɗaya mutum ɗari sun yi masa taron dangi. Kowanne cikinsu gani yake jimla ɗaya kawai ya rubuta, amma wanda ake yi wa, ɗari ya karɓa a lokaci guda. Girman zaure na ƙara wa wutar fetur. Masanin halayyar ɗan Adam Robin Dunbar ya ƙiyasta cewa mutanen da mutum zai iya riƙe hulɗa ta sanayya da su ba su wuce 150 ba. Akwai masu jayayya da adadin, amma duk mai kula da zaure ya san akwai iyakar da in an wuce ta mutane kan daina sanin juna. WhatsApp na ɗaukar mutum 1,024 a guruf ɗaya, Telegram har 200,000. A irin wannan taro babu kunyar ido. Ga kuma manhajojin da ke tura wa jama'a abin da ya fi jawo martani, kuma babu abin da ke jawo martani kamar fushi.

Ba wasa ba ne. A watan Yunin 2018 'yar fim Kelly Marie Tran ta goge duk abin da ta wallafa a Instagram bayan watanni tana shan cin zarafi daga wasu masu kiran kansu masoyan finafinan da ta fito a ciki. A watan Yulin 2021, bayan Ingila ta sha kashi a hannun Italiya a wasan ƙarshe na gasar Turai, Marcus Rashford da Jadon Sancho da Bukayo Saka, waɗanda suka ɓarar da fenareti, sun sha zagin wariyar launin fata a shafukansu. Masu wannan aika-aika ba duka yara ba ne. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zancen cewa shekaru na gyara kowa.

To me ke sa wani ya fito daga rikici da hankali, wani ya fito da ƙarin dafi? Mafi yawa ya danganta da abin da ya same shi a awa 24 na farko bayan ya yi ɓaranɓarama. In akwai babba a zauren da zai bi shi ta saƙon sirri ya ce masa "abin da ka rubuta bai dace ba, ga dalili, ka goge ka ba da haƙuri", kuma in ya ba da haƙurin aka karɓa aka wuce wurin, ya koyi cewa kuskure ba mutuwa ba ne. In kuwa tsiya aka yi masa a bainar jama'a, ko aka yi waje da shi ba bayani, zai tafi ya sami zauren da ake tafa wa irin halinsa, can kuma zai taurare. Ban haƙurin ma koyonsa ake yi. "In ran wani ya ɓaci ya yi haƙuri" ba ban haƙuri ba ne. A faɗi abin da aka yi, a ce ba daidai ba ne, a yi shiru, kada a biyo shi da "amma".

Zango na gaba shi ne ranar da aka ba mutum admin. Yawanci murna yake yi, yana ganin sarauta ce, sai ya tarar shara ce da raba gardama da tsakar dare. Ga abin da muka ga yana aiki. Dokoki su kasance a rubuce, a maƙale a saman zaure, kada su wuce bakwai zuwa goma, domin abin da ya fi haka ba mai karantawa. Kowace doka ta faɗi aiki, ba hali ba: "ba a saka hoton wani ko lambarsa ba da izininsa ba" ta fi "a zama mutanen kirki" amfani, don ta farkon ana iya nuna wanda ya karya ta. Masu kula su kai uku ko biyar, adadin da ba ya rabuwa biyu, saboda in ra'ayi ya saɓa a samu rinjaye, kuma kada a ɗebo su duka daga abokai ɗaya ko masu barci lokaci ɗaya. Hukunci ya zama hawa-hawa: jan kunne a asirce, gargaɗi a fili, hana magana na awa 24, na kwana 7, sannan cirewa. Abubuwa kaɗan ne ke tsallake wannan tsani kai tsaye zuwa kora: barazana, fallasa adireshi ko lambar wani, da neman yara da lalata. Kowane hukunci a rubuta shi a wuri ɗaya da duk masu kula ke gani, da kwanan wata da hoton laifin, domin ranar da aka ce ana son kai, wannan rajistar ce za ta yi magana.

In wuta ta tashi, kada a fara da kora. A rage gudun zaure. Manhajar hira ta Discord na da tsarin da ke tilasta wa kowa jira tsakanin saƙo da saƙo, daga daƙiƙa 5 har zuwa awa 6, Telegram ma na da irinsa, a WhatsApp kuwa ana iya rufe zaure ya zama masu kula kaɗai ke magana. Minti 30 na shiru na kashe rikicin da awa uku na wa'azi ba za su kashe ba, saboda yawancin masu zuga wutar ba su da wata manufa, hannunsu ne kawai ke ƙaiƙayi. Kuma admin ɗin da yake cikin faɗan ba shi zai yanke hukunci ba, ya miƙa wa ɗan'uwansa. Wannan ita ce dokar da aka fi karyawa, kuma ita ta fi rusa zauruka: admin ya yi gardama da wani a kan wasa, ya ji zafi, ya danna cirewa. Washegari rabin zaure sun buɗe nasu. Wanda ya iya riƙe yatsansa a wannan lokaci, alhali ikon na hannunsa kuma ba mai hana shi, ya koyi abin da ake nema ga duk wani shugaba.

Kuɗi ma gwaji ne. Magoya baya na iya tara abin mamaki. A watan Yunin 2020, bayan mawaƙan BTS na Koriya ta Kudu da kamfaninsu sun ba da gudummawar dala miliyan 1 ga fafutikar kare haƙƙin baƙar fata a Amurka, masoyansu sun tara kwatankwacin wannan adadi cikin kusan kwana ɗaya. Amma a ƙananan zauruka, karo-karo ne ya fi raba zumunci, kuma sau da yawa ba sata ce ke jawo hakan ba, sakaci ne. An zuba kuɗi a asusun mutum ɗaya, sun cakuɗe da nasa, bai rubuta ba, ranar lissafi ya kasa bayani. Kafin a karɓi ko sisi a sanar da abu huɗu: me za a yi da kuɗin, nawa ake nema, yaushe za a rufe, ina rarar za ta tafi in an samu. Mai karɓa daban, mai rubutawa daban. A riƙa fitar da jimillar abin da ya shigo a kai a kai, a ƙarshe a nuna rasit. Matashin da ya riƙe wannan sau biyu ya fita lafiya ya san abin da ake nufi da amana fiye da wanda ya haddace ma'anarta.

Akwai wata rana da ke jiran kowane ɗan ga-ni-kashe-ni, ranar da gwanin nasa zai ba shi kunya: a kama shi da laifi, ko ya faɗi abin da ba za a iya kare shi ba, ko masu ƙungiya su yi abin da ya ci amanar magoya baya. Wanda hankalinsa bai nuna ba hanya biyu gare shi, ko ya ƙaryata ido-rufe ya ce sharrin maƙiya ne, ko ya juya ya zama babban maƙiyi a dare ɗaya. Wanda hankalinsa ya nuna ya san ana son abu kuma a ce masa bai kyauta ba. An ga haka a watan Afrilun 2021, lokacin da manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa 12 na Turai suka sanar da kafa gasar Super League tasu ta kansu. Waɗanda suka fi tayar da jijiyar wuya magoya bayan ƙungiyoyin ne da kansu, har da abokan gabar da ba sa ga-maciji, suka haɗa baki a intanet da bakin filayen wasa. Cikin kusan awa 48 ƙungiyoyin Ingila shida suka janye, shirin ya wargaje. Tun kafin nan, a 2005, wasu magoya bayan Manchester United da ba su yarda da sayar da ita ga iyalan Glazer, attajiran Amurka, ba sun kafa tasu ƙungiyar, FC United of Manchester, wadda mambobinta ne suka mallake ta.

Wani darasin kuma dandalin ne da kansa ke koyar da shi, ranar da ya rufe ko ya sauya doka. A watan Mayun 2007 dandalin rubuce-rubuce na LiveJournal ya dakatar da ɗaruruwan shafuka ba gargaɗi, ciki har da na masoya da ba su yi laifin komai ba. A shekarar ne wasu masoya suka kafa ƙungiyar Organization for Transformative Works, wadda ta buɗe rumbun ajiye labaran masoya mai suna Archive of Our Own a 2009, ba talla a cikinsa, gudummawa da 'yan sa kai ke tafiyar da shi, har ya ci Hugo, babbar kyautar adabin ƙagaggun labaran kimiyya, a 2019. Masu rubutun nishaɗi ne suka koyi rubuta manhaja da tsara kasafi da karanta dokar haƙƙin mallaka don kada a sake tashinsu. Wasu dandalin da masoya ke taruwa ma haka: GeoCities ya rufe a 2009, Tumblr ya sauya dokokinsa a Disambar 2018 jama'a suka watse, Yahoo Groups ya rufe a Disambar 2020. Saboda haka tsohon hannu ba ya barin aikinsa a wuri ɗaya. Yana da kwafi a na'urarsa da wani a waje, kuma zauren na da wata hanya ta biyu da mambobi za su nemi juna in an wayi gari ƙofa a rufe.

Waɗanda ba sa girma fa? Suna nan da yawa, kuma ana gane su. Akwai mai tsaron ƙofa, wanda duk sabon da ya shigo sai ya yi masa jarrabawa: yaushe ka fara goyon baya, ina kake lokacin da muke shan wuya. Wannan ba shi da wani abin taƙama sai daɗewa, shi ya sa yake gadinta. Akwai wanda zaure ya zame masa duniya gaba ɗaya, barci ya lalace, karatu ko sana'a ta ja baya, in ƙungiya ta faɗi gidansu ba mai sakewa. Akwai kuma zaurukan da tun asali a kan ƙin wani aka gina su, ba a kan son wani abu ba. A can ba a samar da komai, ba fassara, ba rubutu, ba lissafi, sai jiran abokin gaba ya yi tuntuɓe. Mutum zai shekara goma a irin wannan wuri yana ƙara gwanancewa a zagi kawai.

Ga iyaye da yayye, shawararmu ita ce kada ƙwace waya ya zama matakin farko, don yaro zai koma ta wayar aboki, kuma daga ranar ba zai sake gaya muku komai ba. Ku tambaye shi me yake yi a zauren, ba awa nawa yake yi ba kawai. Ya nuna muku abin da ya rubuta ko ya zana ko ya fassara. Ku tambayi su wa ke kula da wurin, ko akwai dokoki a rubuce, ko an taɓa hukunta wani a gabansa da kuma dalili. Yawancin manyan dandali sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga, amma ba ko'ina ake tantancewa da gaske ba, don haka ku ne masu tantancewar. Abu uku kada a yi sassauci a kansu: ba ya ba da adireshi ko sunan makarantarsa, ba ya tura hotonsa ga wanda bai sani a zahiri ba, kuma duk babban da ya ja shi hira ta sirri ya ce kada ya gaya wa kowa, a ranar za a toshe shi a kai rahotonsa. Zaure na kirki da kansa yake kafa wannan doka, ya hana manya bin yara ta bayan fage.

A ƙarshen tafiya yawancin mutane ja da baya suke yi. Aiki ya zo, iyali sun zo, wanda da yake kwana a zaure yanzu sai ƙarshen mako yake leƙowa. Ba laifi ba ne, kuma bai kamata a riƙa yi musu gorin sun watsar da gida ba. Inda matsala take shi ne tafiya ba sallama. Zauruka da yawa sun mutu ne saboda wanda ya buɗe su ya ɓace da mabuɗi: shi kaɗai ke da ikon mallaka, lambar da aka yi rajista da ita ta daina aiki, 'yan damfara suka cika wurin da tallar bogi ba mai ikon share su. Don haka aikin kula da zaure ya kasance da wa'adi, wata shida ko shekara, wanda ya gaji ya sauka ba tare da an zarge shi ba. Mai shirin sauka ya zaɓi magaji tun da saura wata biyu, ya bar shi ya yanke hukunci yana kallo. Ranar miƙawa ya mayar masa da ikon mallaka a cikin manhajar, ba admin kawai ba, a sauya kalmomin sirri, a kunna tantancewa mai mataki biyu a kan lambar da ke aiki, a miƙa rajistar hukunci da lissafin duk kuɗin da ya rage, sannan a sanar da mambobi sunan wanda za su nema daga ranar.

Mun gode, Edita, Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Wasu masu kula da zaurukan magoya baya a intanet